Gwaggo Waƙafi da Karen Bature

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, shekara talatin da ɗaya ta yi tana aikin gyaran rubutu a wata 'yar maɗaba'a da ke bayan kasuwa, tsakanin shagon mai walda da na mai sayar da katifu. Duk abin da za a buga a wurin, littafi ne ko kalanda ko katin gayyata, sai ya bi ta teburinta ta tsince masa kurakurai tukuna. Ma'aikatan wurin ne suka raɗa mata Waƙafi, saboda ta taɓa tsayar da inji ana tsakiyar bugu, ta sa aka zubar da takarda ɗari uku a kan waƙafi ɗaya da ya zauna inda ba mazauninsa ba. Sunan ya biyo ta har gida. Mu 'ya'yan 'yan'uwanta mun tashi muna ce mata Gwaggo Waƙafi, kuma sai da na kai aji huɗu na gane ba shi ne sunanta na gaskiya ba.

Ofishinta wani ɗan lungu ne da aka kewaye da katako a bayan babban inji. Taga ɗaya gare shi, ita ma bangon mai katifu take kallo. Akwai fanka wadda ba ta juyawa sai an ɗan mare ta, da kujera mai matashi da Gwaggo ta ɗinka wa kanta. Ƙarar inji ta sa har yau idan tana magana sai ka ɗauka da wani take a ƙetaren titi. Rula take ɗorawa a ƙarƙashin layi, ta karanta shafi daga sama zuwa ƙasa, sannan ta sake karanta shi daga ƙasa zuwa sama, wai don kada daɗin magana ya ruɗi idonta.

A waje ma ba ta hutawa. Ta taɓa sa an tsayar da mota ta sauka, ta shiga wani shago ta shaida wa mai shi cewa allonsa ƙaya yake talla, ba kaya ba, tun da mai fenti ya yi wa harafin lanƙwasar da ba a sa shi ba. Mijinta, wanda muke kira Baba Direba don ya tsufa yana jan manyan motocin fasinja, yakan ba da labarin wasiƙar da ya rubuta mata lokacin yana nemanta. Ta dawo masa da ita da gyara goma sha ɗaya, a can ƙasa kuma ta rubuta cewa ta amince. Ya ce shi ƙasan kawai ya karanta.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, duk wannan karatu, Gwaggo ba ta taɓa karanta littafi don nishaɗi ba. Ta ce rubutu aiki ne, a gida ko jarida ba ta son gani. Idan ka tambaye ta me wani littafin da ta gyara yake cewa, sai ta ce shafi ɗari biyu da sha biyu ne, kuma mai shi bai san inda ake ɗiga aya ba. Sai dai aikinta ya wuce tsintar kuskure tun tuni. Manyan mutane da suka ajiye aiki sukan kawo tarihin rayuwarsu a buga, yawanci 'yan takardu ne marasa kai da gindi, Manajan maɗaba'ar ya tura mata ya ce ta ɗan taɓa. Sai ta yi ta taɓawa har wata biyar, abu ya zama littafi. Ba ta taɓa kiran wannan rubutu ba. Gyara take ce masa.

Wata safiya da aka kwana ana ruwa, santsi ya kwashe ta a matakalar maɗaba'a, ta karye a idon sawu. Likita ya ɗaure ƙafar ya ce sati shida ba fita. 'Ya'yanta uku duk suna nesa da iyalansu, don haka jinya ta faɗa kan Baba Direba. Ana kwana tara sai ga shi a makarantar da nake koyarwa, ya zauna a ɗakin malamai ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"'Yata, ki taimake ni," ya ce. "Ta gyara mai karanta labarai a rediyo. Ta gyara takardar da ke cikin kwalin magani. Jiya ta fara gyara mini yadda nake tari."

Ba ni da abin ba shi sai wani littafin ƙagaggen labari na Turanci da na gama a makon, yana cikin jakata. Na ce ya kai mata, ko ba komai za ta sami kurakuran da ba nasa ba.

Labarin wata baƙar mace ce da ke aiki a wani babban kamfanin buga littattafai a ƙasar Turawa, ita kaɗai ce mai launinta a duk benen. Ta rubuta littafi a kan rayuwar mahaifiyarta, shugabanninta suka ce ya yi kyau, sai dai mutanen cikinsa sun cika dariya, ba yaƙi, ba yunwa, masu karatu ba za su yarda haka ƙasarta take ba. Suka mayar mata. Sannan suka ba ta rubutun wani Bature da ya yi sati uku kacal a ƙasar tata, suka ce ta ɗan daidaita masa. Ta daidaita har ta zuba masa labaran mahaifiyarta a ciki. Littafi ya fito da sunansa, ya ci babbar kyauta, jaridu suka ce ba a taɓa samun wanda ya fahimci mutanen nan kamarsa ba. A shafin godiya ya gode wa matarsa, ya gode wa shugaban kamfani, ya gode wa karensa da ya kwanta masa a ƙafa duk tsawon rubutun. Ita bai ambace ta ba.

Rana ta farko Gwaggo ta kira ni ta ce ta sami kuskure huɗu, ashe su ma Turawan ba su da idanu. Rana ta biyu ba ta kira ba. Rana ta uku ina tsakiyar darasi waya ta yi ta kuka, na fito na ɗauka, ko gaisuwa ba ta tsaya ba.

"Wannan Baturen na littafinki, yana da uwa?"

Na ce ina jin marubuciyar ba ta faɗa ba. Ta ce ai ba sai an faɗa ba, ta kashe.

Daga nan mutanen littafin suka tare a gidan. Yarinyar nan take ce wa matar, ko da yake ta haura arba'in, shi kuma Baturen take ce masa mai kare. Baba Direba ya ce sau biyu tana jifan bango da littafin, kuma da yake ba ta iya tashi, shi ne mai zuwa ɗaukowa. Da ta zo inda matar ke shirin saka labarin mahaifiyarta a rubutun Baturen, sai ta rufe littafin ta tura ƙarƙashin filo, ta yi kwana biyu ba ta buɗe ba. Ta ce muddin ba ta karanta ba, yarinyar ba ta yi wautar ba tukuna.

Shi ma Baba Direba, da yake ana ba shi labari babi-babi ko yana so ko ba ya so, sai ya yi ra'ayi. Ya ce shi bai ga abin tashin hankali ba. Aiki aka ba ta, ta yi. Shi da ya shekara talatin yana kai mutane garuruwansu lafiya, wa ya taɓa rubuta sunansa a ƙofar gari? Gwaggo ta ce shi ba garin ya gina ba. Ya ce amma ba don shi ba da ba su gan shi ba. Ta tambaye shi, da a ce duk lokacin da ya iso tasha sai a ɗauko wani farin mutum daga kujerar baya a tafa masa a ce shi ya yi tuƙin, ya zai ji? Ya ce ya danganta da ko mutumin ya taya shi canza taya a hanya. Ranar ba ta ci abincin da ya dafa ba sai da ya huce.

Masu zuwa dubiya ma ba su tsira ba. Wata maƙwabciyarta mai sayar da yadi ta shigo ta tarar ana tsakiyar labari, ta ji an ce yarinyar nan tana can ita kaɗai cikin Turawa sun cinye mata wahalarta. Ta riƙe haɓa ta ce ai sai a dawo da ita gida, me ake jira. Washegari ta dawo da mata uku, suka zauna suka yi wa Gwaggo jaje a kan 'yar ɗan'uwanta da ke waje, ɗaya ma ta ce Allah ya isar mata a kan mutumin da karen nasa duka. Ina wurin. Na zuba ido in ga Gwaggo ta gyara musu, sai na ji ta ce amin. A sanina wannan ne kuskure na farko da ta gani da idonta ta bar shi ya wuce.

Ƙarshen littafin ne ya fi ɓata mata rai. A wurin bikin ba da kyautar, an miƙa wa matar makirufo ta ce wani abu a madadin kamfani. Ta karɓa, ta dubi Baturen, ta gyara murya. Shi ke nan, littafi ya ƙare. Gwaggo ta aika a kira ni. Na same ta ta karya bayan littafin tana ƙirga ɗaurin takardunsa, shafi sha shida-sha shida, don ta tabbata an sayar mini da wanda ɗauri ɗaya ya faɗi. Ba abin da ya faɗi. Ta ce wannan rashin tarbiyya ne, a tara mutum sati biyu sannan a tashi a bar shi zaune. Ta juya bangon littafin ta daɗe tana kallon hoton marubuciyar, baƙar mace mai tabarau. Sannan ta buɗe shafin godiyarta ta bi sunayen da yatsa ɗaya bayan ɗaya, har ta ga inda aka gode wa wadda ta gyara rubutun, da cikakken sunanta. Ta ce to, aƙalla ita ba ta da kare.

A ranar ta ba ni labarin Baturenta. Na sha jin sa a da, amma a matsayin abin dariya game da wata kujera. Wajen shekara ashirin da suka wuce wani Bature mai gajeren wando ya zo maɗaba'ar da kaset-kaset na tatsuniyoyi da ya ɗauka a wurin tsofaffin mata, yana so a fitar da su a rubuce a buga. Hausarsa ta koyo ce, yana ce wa Manaja ke, yana ce wa Gwaggo kai. Manaja ya rasa inda zai ajiye shi, ya shiga ofishinta ya ɗauko kujerar nan mai matashi ya ba shi, ita ta yi sati uku tana aiki a kan kwalin takarda. Nan labarin yake tsayawa a da.

Abin da ba ta taɓa faɗa ba, rabin kaset ɗin carar zakara ce da dariyar matan da suka ga Bature. Da ta ga ba za su kai littafi ba, sai ta cike da tatsuniyoyi bakwai na kakarta, waɗanda ta haddace tun tana ƙarama. Su ɗin nan kuwa, shekara biyu kafin zuwansa, ta taɓa rubuta su a littafin makaranta ta kai wa Manaja ko zai buga. Ya ɗaga shafi biyu ya ce wa zai sayi surutun tsofaffi. Da suka fito ta hannun Bature, shi Manajan ne ya ce wannan taska ce, ya sa aka ɗauko takarda mafi kyau a sito. Daga baya aka sake buga littafin a waje. A shafin godiya Baturen ya gode wa mutanen wannan ƙasa masu fara'a.

"Ni ce mutanen ƙasa masu fara'a," in ji Gwaggo. "Ni da ko a hoton aurena ban yi murmushi ba."

Ta ce Baturen ba mugu ba ne, har alawa yake kawo musu. Ita ma a lokacin ba ta ga komai a ciki ba. Sai yanzu da ta ga an yi wa yarinyar nan, ta ji kamar an taka mata karayar.

Da ta koma aiki da sandar dogarawa, ta fara da Manaja. Shi ne dai har yanzu, ya tsufa, ya yi tumbi. Ta tuna masa littafin makarantar, ya ce bai tuna ba. Ta tuna masa kujerar, ya ce, "Haba Waƙafi, Bature ne fa," kamar wanda ya kawo hujjar da ba ta da amsa. Ta ce to ba komai, wancan ya wuce, amma littafin da ke kan tebur yanzu ba zai shiga inji ba sai da sunanta.

Littafin na wani tsohon daraktan wata ma'aikata ne. Takarda talatin da takwas ya kawo, jerin tarurrukan da ya halarta da ranakunsu. Kafin ta karye Gwaggo ta yi wata biyar tana zirga-zirga wurin yayarsa da matarsa da tsohon direbansa, tana tatsar labari, har abin ya kai shafi ɗari biyu da ɗoriya. Manaja ya ce shi ba zai iya tunkarar babban mutum da wannan magana ba. Ta ce ita za ta iya.

Kwana huɗu ta yi tana shirya jawabi. Baba Direba ta ɗora a kujera ya zama Darakta, tana gwadawa a kansa. Matsalar ita ce da ta ɗaga murya sai ya ce ya yarda, a sa sunan. Ta ce ba haka manya suke yi ba, ya yi gardama. Ya yi gardama, ta yi fushi da gaske. Ya ce shi wannan aiki ya fi ƙarfinsa, a nemi wani daraktan.

Ni na kai ta a mota. Falon tsohon Darakta cike yake da manyan kujeru da hotunansa yana musabaha da mutane iri-iri. Shi kansa ɗan ƙaramin tsoho ne, baƙi wuluk, kunnensa ɗaya ba ya ji sosai, sai ya karkato da ɗayan. Bayan gaisuwa Gwaggo ta ƙi zama. Ta dogara da sanda ta fara. Ta yi maganar masu yi da masu cin suna. Ta yi maganar yadda ake duban fatar mutum kafin a dubi rubutunsa. Ta shiga labarin yarinyar nan, da benen da ita kaɗai ce baƙa, da sati ukun Bature, ta zo kan shafin godiya, ta ce mutum ya gode wa kare ya bar wadda ta yi aikin. Duk wannan da muryar nan tata ta cikin inji take yi. Matar gidan ta leƙo daga kicin ta koma.

Tsohon ya saurara har ƙarshe da kunnensa mai ji, ya dube ni, ya dube ta.

"Malama, ni ba ni da kare," ya ce. "Kyanwa ce, ita ma ta uwargida ce."

Sai da na shiga tsakani na fassara masa abin da ake nema a taƙaice. Ya ce au, wannan ne? Ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya shi bai ma karanta abin da aka aiko masa ba, idonsa ba ya jure ƙananan haruffa, ko za ta gaya masa me ke ciki. Gwaggo ta zauna. Ta ba shi babi na uku, wanda ta samo daga yayarsa, yadda yana yaro yake rataya takalmansa a wuya in zai tafi makaranta don kada su tsufa, da ranar da rafi ya ja shi ya ɗaga takalman sama da hannu biyu yana nitsewa, aka ciro shi ya sha ruwa ya ƙoshi amma takalma ba su jiƙe ba. Tsohon ya yi dariya har ya yi tari, sannan ya ciro hankici ya share ido. Ya ce shekara sittin rabonsa da tuna takalman nan. Ya ce a sa sunanta a bangon littafin, a saman nasa, da manyan haruffa.

Nan fa Gwaggo ta rikice. Ta ce a'a, Yallaɓai, ba a haka, rayuwarsa ce ba tata ba, layi ɗaya a ciki ya isa. Ya nace, ta ƙi. Suka yi ta ja, shi yana tura ta bango tana komawa ciki, har aka tsaya a kan layi ɗaya a shafi na biyu. A mota da muka kusa gida ta ce mutumin nan ya ɓata mata shiri, rabin jawabin ma ba ta kai ba.

Manaja da ya ji an rabu lafiya sai ya so ya wanke kansa. Ya tsara shafin da hannunsa, ya ƙawata layin da ɗan zane a gefe, ya tura inji kai tsaye ba tare da ya bi ta teburinta ba, wai ya ba ta mamaki. A shekara talatin da ɗaya, shafin nan kaɗai ya fita daga maɗaba'ar bai bi ta ƙarƙashin rularta ba. Aka buga dubu.

An yi ƙaddamarwa da yamma a zauren wani otal. Muna layi na huɗu, ni da ita da Baba Direba cikin sabon ɗinki. Bayan dogayen jawabai mai gabatarwa ya ce Darakta ya roƙi a karrama wanda ya tsara wannan aiki. Ya buɗe shafi na biyu ya karanta. Harafi ɗaya Manaja ya sauya a ƙarshen sunan, amma ya isa ya ɗauke shi daga na mace ya mayar na namiji. Mai gabatarwa ya ƙara masa Malam a gaba ya ce ya miƙe a gan shi.

Gwaggo ta fara lalubar sandarta. Baba Direba ya miƙe don ya nuna ta ya ce ga ta nan, kuskure ne. Kafin ya buɗe baki zaure ya ɗauki tafi. Wasu mutum biyu suka kamo hannunsa suka kai shi gaba, masu hoto suka yi ta walƙa masa wuta. Tsohon Darakta, da bai ji sunan da aka kira ba, ya ga dai an kawo masa mutum, ya rungume shi. Aka ba shi makirufo.

"Jama'a, ba ni ba ne," ya ce. "Matata ce ta yi komai."

Tafin ya ninka na farko. Mai gabatarwa ya ce kun ga marubuci na gaske, ba girman kai, har iyalinsa yake jinginawa. Wata mata a bayanmu ta taɓo Gwaggo ta ce ta yi sa'ar miji.

Na duba gefe na hango Manaja ya laɓe bayan tarin littattafai. Gwaggo ta karɓi kwafi daga hannuna ta buɗe shafi na biyu, ta kalle shi, ta rufe. Na jira hadari. Sai na ga kafaɗunta na rawa, ta sa gefen mayafi ta toshe baki, dariya take har da hawaye, sanda ta zame ta faɗi ƙarƙashin kujerar gaba.

A hanyar gida ta juya ta tambayi Baba Direba yadda ya ji a can sama. Da ya yi ƙarya da an wuce wurin. Sai ya gyara hula ya ce, gaskiya da daɗi, yanzu kam ya fahimci Baturen nan, in an fara tafa maka sauka wuya gare ta. Kwana biyu ba ta yi masa magana ba.

Manaja ya buga 'yan ƙananan takardu da sunan daidai aka liƙa a kan sauran kwafin, ita ta duba su sau huɗu kafin a yanka. Waɗanda aka rabar a zaure kuwa sun tafi ke nan, haka ma hoton da ya fito a jarida. Tun daga lokacin, a tashar da Baba Direba ke zuwa hira da tsofaffin abokan aikinsa, Marubuci ake ce masa. Ya yi bayani har ya gaji. Mutane suka fara kawo masa rubuce-rubucensu ya duba, waƙoƙi, wasiƙun koke, har da wani mai littafin fassarar mafarki. Yakan karɓa ya jinjina nauyinsu a hannu ya ce a ba shi mako guda, ya kawo gida.

Yawancinsu Gwaggo shafi ɗaya take dubawa ta mayar. Amma bara, wata biyu bayan ta ajiye aiki, ya kawo wasu littattafan makaranta guda biyar ɗaure da robar tayar mota, duk tabon baƙin mai. Na wani mai facin taya ne a bakin tashar, mutum mai kimanin shekara hamsin, ya rubuta abin da ya gani a shekarun da ya yi a gefen titi. Ba aya ko ɗaya a littafi na farko. Gwaggo ta karanta biyar ɗin a kwana uku, ta ce a kira mata shi.

Yanzu duk Asabar da hantsi yakan rufe rumfarsa ya zo, ya wanke hannu sau biyu, su zauna a baranda. Sharaɗinta ɗaya ne, ba za ta rubuta masa ko kalma ba. Tana nuna wuri da yatsa ta ce nan ba ta gane ba, shi ya gyara. Yana ƙorafin cewa cire tayar babbar mota ya fi wannan sauƙi. Sun kai babi na shida.

Asabar da ta wuce na je na same su a kan wurin da yake ba da labarin rasuwar matarsa ta fari. Layi biyu ya yi masa, ta ce bai isa ba. Ya ce, "Hajjaju, ke da kika iya, ki rubuta mini nan ɗin kawai, ba wanda zai sani." Ta ce ita ba ta san matar ba, shi ya san ta, ya fara da abin da take ce masa in ya dawo gida da mai a riga. Mutumin ya ce wai takan ce ya tsaya a ƙofa kada ya shafa wa labule. Gwaggo ta ce to ya rubuta haka, ta tashi tana ɗingishi ta shiga ciki ta ɗora musu ruwan shayi.